Yadda na kai saniyata gasar shanu a jihar Sinnar

Tun da aka ji cewa na taɓa kai saniya gasa, 'yan'uwa daga Gadarif da Kassala da Damazin suke aiko mini da tambaya iri ɗaya: wace takarda ake nema, nawa ake kashewa, kuma me alƙalan suke dubawa? Bayani a waya ba ya ƙarewa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Abin ya faru ne kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, a wani baje-kolin noma da kiwo da aka shirya a jiharmu ta Sinnar, a ƙasar Sudan, cikin sanyi, bayan an gama shigar da dawa da riɗi. Ni mazaunin wani ƙauye ne kusa da Mai Wurno, a bakin kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu, kuma kiwona bai taka kara ya karya ba, 'yan shanun nono ne da muke sayar da madararsu a gari.

Saniyar da na kai Kenana ce, muna kiranta Hazo saboda launinta. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 farar Bunaji da jar Rahaji suka baro a gida. Da suka sauka nan tsakanin koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai suka tarar da Kenana, toka-toka mai ratsin shuɗi, kai da tozo da ƙafafu sun fi sauran jiki duhu, ƙaho gajere. Ɗanta ja-ja ake haifarsa, sai ya yi 'yan watanni launin ya juye ya koma na uwa. Takwararta ta gabas da arewa ita ce Butana, ja ce ita. A lokacin akwai tashar bincike a Umm Banein kusa da Sinja da take kiwon Kenana tun 1957, saboda haka duk wanda aka ɗora alƙalanci a yankinmu ya san wannan iri daga ƙaho har kofato, ba a yi masa rufa-rufa. Ni da farko babbar saniyar garken nake ta kallo, amma kawuna, wanda ya tsufa a bayan shanu, ya girgiza kai ya nuna Hazo. Haihuwarta uku, kuma lissafi ya nuna ranar gasa za ta cika wata biyu da haihuwa, daidai lokacin da nono yake kan ganiyarsa. Ya ce, "Yaro, ba wadda ta cika ido za ka kai ba, wadda take cika ƙwarya za ka kai."

Sanarwar a kasuwa na ji ta, daga bakin wani malamin gona, kuma abin da ya faɗa bai wuce cewa mai saniya mai kyau ya je ya rubuta suna ba. Daga nan ruɗani ya samo asali, don mutane da yawa sun ɗauka rubuta suna shi ke nan, sai ranar gasa. Da na je ofishin lajna, wato kwamitin da ke shirya taron, aka miƙo mini fom, aka nemi kwafin lambata ta ɗan ƙasa, hotona biyu, da hoton saniyar daga gefe yadda za a ga jikinta duka. A fom ɗin ne za ka zaɓi iri, Kenana ko Butana ko hajin, wato mai jinin Firiziyan, shanun nono na ƙasar Turai, sannan ka zaɓi aji: karsana, saniya mai tatsa, ko bijimi. Sai da na gama cikewa, na miƙe zan tafi, magatakardan ya ce sunana ba zai shiga jeri ba sai na kawo shahada, wato takardar shaidar lafiya, daga likitan dabbobi, da rasit na harajin garke, da shaidar cewa saniyar tawa ce. Kuɗin rajista kuma ba a hannunsa ake biya ba, a wurin mai karɓar kuɗi ne, kuma kada ka bar tagar sai an ba ka Ornik 15, rasit ɗin gwamnati da na'ura ke bugawa. Ranar na yi zaman jira har bayan azahar saboda shabaka, wato intanet, ta ɗauke. Wani abu da kowa ya sani amma yake mantawa: ka isa ofis da sassafe, domin da hantsi ya yi an tafi fatur, wato karin kumallo, kuma mai sa hannu ba ya dawowa da wuri.

Ofishin likitan dabbobi shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi sa ni fargaba. Dakta ya fara da tambayar katin riga-kafi. Shanunmu ana yi musu allura duk lokacin da masu kamfe suka zagayo, amma a garke ake yi, ba wanda ke rubuta wace saniya ce ta samu me. A wurinsa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Dole na ɗauko shi a mota ya zo har gida, ya maƙala wa Hazo lamba a kunne, ya buɗe mata kati, ya sake allurar ciwon huhu da ta harbin daji da sauran da ke cikin jerinsa, ya buɗe bakinta ya duba harshe da dasashi da tsakanin kofato ko akwai alamar boru, ciwon baki da kofato. Ya gaya mini cewa allura ba ta kare dabba ranar da aka yi ta, sai ta yi mako biyu zuwa uku a jiki, kuma wurin yakan ɗan kumbura, nono ma yakan ja baya na kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya bari sai gasa ta matso, da kumburi a wuya zai shiga fili. Bayan haka ya ɗebi jini daga jijiyar wuyanta don gwajin bakkale. Gwajin kansa, wanda suke kira Rose Bengal, minti 4 ne: a haɗa ruwan jinin da magani a kan faranti, in ya guda to akwai cuta. Amma kafin jinin ya isa ɗakin gwaji, a samu wuta, a samu mai sa hannu, an haura mako. A kwanakin nan barcina bai yi daɗi ba, domin wannan sakamako ba gasa kaɗai yake shafa ba. Bakkale ita ce ke sa saniya ɓari a ƙarshen ciki, mabiyiya ta maƙale, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono, zazzaɓin nan da ake ce wa maltiyya. Wani maƙwabcinmu da muka kai jini tare, tasa saniyar ta fito da ita. Ya tafi neman kyauta, ya dawo yana shawarar wane mahauci zai kira. Ta Hazo ta fito lafiya, na yi hamdala.

Shaidar mallaka ba ta ba ni wuya ba tunda a gidana aka haife ta. Tambarin wuta da ke cinyarta bai wadatar da su ba, sai da shehun ƙauye ya rubuta takarda, mutum biyu suka shaida, ya buga hatimi. Wanda sayo tasa ya yi, takardar kasuwa mai sunan lamuni ce za ta fid da shi, don haka kada a yar da irin waɗannan takardu. Harajin garke na biya a mahalliyya, wato ƙaramar hukuma. Akwai kuma takardar izinin tafiya da dabba, wadda ake nunawa a shingayen hanya, amma ita ce ta ƙarshe da za ka karɓa: wa'adinta gajere ne, kuma ana rubuta lambar motar da za ta ɗauke ku a jikinta, ka ga sai ka gama ciniki da direba tukuna. Game da kuɗi, ba zan rubuta adadin jine, kuɗin Sudan, ba, domin a 2021 kaɗai hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100, abin da na biya a lokacin, yau ko shayi ba zai saya ba. Ga ma'aunin da ba ya ruɗi: kuɗin takardu duka, har da motar likita, ya kai kimanin cinikin madarar Hazo na mako guda. Ƙarin abinci ya ninka haka. Motar zuwa da dawowa ita ce uwa uba, ta kusa kuɗin matsakaicin rago.

Duk wannan zirga-zirga ba ita ce ainihin aikin ba. Aikin yana bayan gida, kuma ba wanda ya ambace shi a ofis ko ɗaya. Saniyarmu ta saba da a kora ta da sanda cikin 'yan'uwanta, ba ta san a ja ta ita kaɗai ba. Ranar farko da muka sa mata ragama ta kafe ƙafafu huɗu, da aka matsa sai ta durƙusa ta kwanta. Kawu ya hana a buge ta. Ya sa aka ɗaure ta a turke da ragamar, kai a ɗan ɗage, na ɗan lokaci kowace safiya da yamma, ana shafa ta ana ba ta dusa a hannu, har ta gane cewa ja da igiya ba ya ƙara mata komai. Sannan aka fara tafiya. Ɗana na fari shi ne mai ja, domin a gasar akwai maki na daban ga mai riƙe da dabba, kuma yara sun fi mu haƙuri. Kawu ya koya masa tsayawa ta hagun saniya, igiya a naɗe a tafin hannu ba a zagaye da yatsu ba, don kada ta fizga ta tafi da su. In ta ja, ka riƙe; da ta yi taku ɗaya gaba, ka sassauta nan take, sassautawar ita ce ladanta. In ta ƙi tafiya, mai taimako ya tsaya bayan kafaɗarta, za ta yi gaba. In ya tsaya gaban kafaɗa, baya za ta ja. Kada kowa ya zo mata daidai bayan wutsiya ba tare da magana ba, nan ne ba ta gani, kuma harbin saniya gefe yake zuwa, ba baya sak kamar yadda mutane ke zato ba. Tafiyar kuwa a hankali ake so, in ji kawu, kamar ana kai amarya ɗakinta. Bayan ta iya tafiya sai tsayuwa: ƙafafun gaba a jere, baya a miƙe, kai sama, ta yi minti da yawa ba ta motsa ba. Sai mataki na ƙarshe, wanda na fi ganin amfaninsa a fili. Duk wanda ya shigo gidanmu, mai sayen madara ne ko maƙwabci ko almajiri, sai mu roƙe shi ya taɓa Hazo, ya shafa haƙarƙarinta, ya kama hantsarta, ya buɗe bakinta. Muka riƙa kunna mata rediyo da ƙarfi, yara suna buga garwa, muka bi da ita ta gefen kasuwa. Har tatsa sai da aka sauya hannu. Uwargida ce ke tatsarta, ita kuwa ba za ta kwana a filin baje-koli ba, kuma Kenana takan ɓoye nono ga hannun da ba ta sani ba, don haka tun da sauran makonni na karɓi ƙwaryar.

Abinci mun ƙara shi ne kaɗan-kaɗan: ombaz na gyaɗa, wato tunkuzar da ke ragewa bayan an matse mai, dusar alkama, ɗan garin dawa, harawa, ciyawar barsim in an samu, da gishiri da kanwa. Cikin saniya yana buƙatar kusan mako biyu kafin ya saba da sabon abinci, kuma wanda ya zuba mata hatsi da yawa dare ɗaya, zawo da kumburin ciki zai girba. Abu sab'in, irin dawar da ake shukawa don dabbobi, wanda ya sake tohowa bayan yanka mun guje shi, domin yana da dafi in yana ƙarami. Wata dabara da Dakta ya ba ni: a riƙa ɗiga ɗan mulas, wato ruwan rake mai kauri da ke ragewa bayan an yi sukari, a ruwan shanta tun a gida. Saniya takan ƙi ruwan baƙon wuri saboda wari, amma in ta ji ɗanɗanon da ta sani sai ta sha, wadda ba ta sha ruwa ba kuwa ba ta kawo nono. Kaska mun bi ta da feshi da hannu, a kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin nonuwa. Ya gargaɗe ni da allurar ivermectin, ya ce ba a yi wa saniyar da ake shan madararta. Kofato an gyara shi da sauran lokaci, domin wadda aka yanke wa jiya ɗingishi take yi yau. Sai wanka da sabulu da buroshi, a taje gashin wutsiya.

Mu uku muka haɗa kuɗin lori. Mun zuba yashi da kara a ƙasan motar don kada su zame, muka ja da baya zuwa wani tudu maimakon ɗora katako, tunda saniya tana tsoron hawa abin da ke motsi da kuma shiga wuri mai duhu. Ɗan maraƙin muka fara sakawa, uwar ta bi shi da kanta. Kada wanda ya bar maraƙi a gida in saniyarsa ta gida ce. In babu shi a gabanta ba za ta saki nono ba. Da asuba muka tashi. A shingen farko aka karɓi takardar izini aka duba lambar kunne, a na biyu aka nemi rasit ɗin haraji, a na uku wani ya ce akwai kuɗin da ba mu biya ba. Na ce to, a ba ni Ornik 15 in biya. Ya juya takardun ya sake juyawa, ya ce mu wuce. Na yi ta roƙon direba, "Usta, don Allah a hankali a kwana," shi kuwa yana saurin ya dawo ya ɗauki wani kaya.

A ƙofar fili muka tarar da layin motoci, rana ta fara zafi, shanu suna ta kuka. Ba a sauke dabba sai likita ya hau ya duba ta, ya gwada lambar kunne da ta shahada. A gabana aka mayar da wani dattijo da bijiminsa mai kyan gaske, wai sunan da ya rubuta shi kaɗai ya zo da shi. Ya yi rantsuwa, ya kira sunayen manya, ba abin da ya sauya. Bayan an sauke sai teburin tantance aji, inda ba a tambayarka shekarun saniya, bakinta ake buɗewa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, kuma na yarinta suna faɗuwa biyu-biyu manya su maye su. Mai manya biyu tani ake ce mata, wajen shekara biyu. Mai huɗu raba'. Mai shida sadis. In takwas sun cika ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Wani ya kankare zoben ƙahon tasa don ta yi kama da yarinya, haƙora suka tona shi. A nan kuma aka cire wata daga ajin Kenana aka mai da ita hajin, saboda tozonta ya kwanta kuma akwai dabbare-dabbaren fari da baƙi a cikinta. Aka ba mu lambar da ɗana zai rataya, aka nuna mana zariba, shingen da za mu ajiye dabbobi. Inuwa ba ta ishi kowa ba, ruwa kuma a tanka yake zuwa lokacin da ya ga dama. Da buhunan da muka zo da su muka yi rumfa, bokiti da baho ma namu ne, kuma ban yarda ta sha a kwamin taro ba.

Da magariba 'yan lajna suka zagayo suka ce kowa ya tatse saniyarsa ƙarƙaf a gabansu. Mutane suka fara gunaguni, domin da yawa sun bar nono ya taru tun jiya don hantsa ta cika ta yi kyau. Hikimar a fili take: a fara awo daga babu, kowa daidai da kowa. Barin nono ya kwana biyu kuma hanya ce ta jawo ciwon hantsa. Likita ya zo da wani faranti mai rami huɗu, ya tatsi kowane nono a raminsa, ya zuba magani ya juya. Wanda ya yi yauƙi akwai ciwo a ciki. An kuma yi shela cewa duk wanda aka kama da allurar sakin nono an kore shi. Washegari da safe da yamma aka yi tatsar awo, kowa da ɗan lajna tsaye a kansa. Ana barin maraƙi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, a janye shi a ɗaure a gaban uwa, a tatsa, a kai bokiti kan sikeli. Mu da ratali muka saba, su da kilo suke rubutawa, ratali kuwa bai kai rabin kilo ba, giram 450 ne ko kusa da haka, sai mutum ya ji adadin ya yi masa kaɗan ya ɗauka an cuce shi. Hazo a gida tana ba da wajen ratali 20 a yini. A fili ta rage, amma kaɗan, domin ta ci ta sha ta kwanta tana tuƙa. Wata da kowa ya san ta fi ta nono ta ƙi ruwa, ta kwana a tsaye, da safe abin da ta bayar bai rufe gindin bokiti sosai ba.

Shiga da'ira shi ne abin da jama'a suka zo kallo. Alƙalai uku ne: wani malamin jami'a, wani jami'in kiwo, da wani tsohon makiyayi mai rawani da bai ce uffan ba sai da aka kusa gamawa. Aka kira ajinmu, muka shiga ɗaya bayan ɗaya, ana zagayawa yadda hannun agogo ke juyawa, tazarar saniya guda tsakanin kowa da kowa. Ni ina bayan igiya, zuciyata tana bugawa, ɗana yana ciki. Abin da aka nanata masa shi ne kada ya shiga tsakanin alƙali da saniya, ido ɗaya a kanta ɗaya a kan alƙali, kuma in an ɗaga hannu ya tsaya. Daga nesa suka fara: yadda take taka ƙasa, ko ƙafar baya tana sauka inda ta gaba ta tashi, miƙewar gadon baya, zurfin ƙirji, faɗin ciki. Sannan aka jera su, suka matso da hannu. Malamin ya tsunkuli fatar wuya ya ja ya saki, yana neman mai laushi mara kauri. Ya sa yatsu tsakanin haƙarƙari ya ga nawa za su shiga. Ya daɗe a hantsa fiye da ko'ina: ko ta manne da ciki ta gaba, ko ta hau sama ta baya, ko tsagin tsakiya ya fito, ko gindinta bai sauko ƙasa da gwiwar baya ba, ko nonuwan huɗu girmansu ɗaya kuma suna kallon ƙasa. Ya bi jijiyar nono da yatsa har inda ta shige ciki. Sun riga sun taɓa kowace hantsa bayan tatsa, domin ta kirki takan saki ta yi laushi in an tatse ta, mai nama kuwa tana nan yadda take. Ɗana ya tuna abin da Dakta ya nuna masa, ya matsar da ƙafar baya ta ɓangaren alƙali gaba kaɗan don hantsar ta fito ta gaba da ta baya. A nan ne horon bayan gida ya biya. Saniyar da ke kusa da mu, wadda a idona ta fi Hazo tsari, da malamin ya miƙa hannu sai ta kai masa harbi, ta fizge, ta ja mai ita a ƙasa har igiyar 'yan kallo. Aka kamo ta, aka sake gwadawa, ta sake. Alƙalin bai yi fushi ba, ya dai bar gurbin hantsa da na baki babu maki, don abin da bai taɓa ba ba zai rubuta ba. Hazo kuwa tana tsaye tana tuƙa ana juya ta.

Abin da ya burge ni shi ne ba su bar mu cikin duhu ba. Bayan sun jera mu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, malamin ya ɗauki lasifika ya faɗi dalili. Ya ce a ajin masu tatsa hantsa ce ke da kaso mafi tsoka, sai ƙafafu, sai girman ciki da kamannin iri. Da ya zo kan wata ƙatuwa mai sheƙi da mai ita ya yi watanni yana ɗura wa hatsi, wadda 'yan kallo suka yi ta yi wa tafi, sai tsohon mai rawani ya buɗe baki karo na farko ya ce wannan ta mahauci ce. Saniyar nono abincinta a ƙwarya yake fitowa, ba a gadon baya ba, kuma ganin ƙashin kwankwaso da ɗan haƙarƙari a jikinta ba aibi ba ne. Hazo ta zo ta biyu a awon madara, ta huɗu a tsarin jiki, da aka haɗa ta tsaya ta uku. Aibin da suka faɗa gaskiya ne: nonuwanta na gaba sun fi na baya kauri, kuma ƙugunta ya ɗan zube. Shekara da shekaru ina kallonta ban lura ba. A ajin masu ja, ɗana ya zo na biyu; wanda ya fi shi wani yaro ne da ko sau ɗaya bai fizgi igiya ba. Kyautar shahada ce da 'yan buhunan ombaz da ambulan da bai biya kuɗin lori ba. Sai dai kafin mu ɗora kaya mutum uku sun tambayi ɗan maraƙin, suna son shi bijimin garke, kuma kuɗin da suka taya ya wuce abin da zan samu a kasuwarmu nesa ba kusa ba.

Da muka dawo ban mai da ita cikin garke ba. Dakta ya ce a ware ta mako biyu zuwa uku, tunda ta shaƙi numfashin shanun wurare daban-daban, kuma ciwon huhu da boru ba sa nuna kansu ranar da aka ɗauke su. Nononta ya yi ƙasa na 'yan kwanaki saboda gajiya, sannan ya dawo.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da likita kafin komai, aƙalla wata ɗaya da rabi kafin ranar, domin jini da allura su ne ba a iya gaggauta su. Ya je wurin lajna ya sa a rubuta masa jerin abin da ake nema a takarda, kada ya dogara da abin da aka faɗa a kasuwa. Kowace takarda ya yi mata kwafi, na asali a leda a aljihunsa, kwafi a hannun direba. Ya zaɓi saniya da lissafin haihuwarta, ba da girmanta ba, kuma kada ya kai mai tsohon ciki ko wadda ta haihu cikin makon. Ya zo da abincin da ta saba da shi wanda zai ishe ta har da rarar kwana ɗaya, domin taro irin wannan ba ya tashi a kan lokaci, ciyawar bakin fili kuma tsada gare ta. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya ya kwana da dabba in ɗaya ya tafi bin takarda. In ma ba ka sa ran cin komai, ka tsaya kusa da lasifika lokacin da ake faɗin dalilai, don abin da na ji a wannan rabin sa'a shi nake amfani da shi yanzu in zan zaɓi karsanar da zan bari da wadda zan sayar. Horon ragama kuma ba sai an ji sanarwa ba. Maraƙa 'yar wata biyar ko shida yaro ɗan shekara goma zai iya riƙe ta ya koya mata tafiya da tsayuwa, alhali Hazo da muka fara da ita tana babba sai da ƙarti suka taru a kanta.